Wa Ke Gurnani a Kan Turken Dogo?

Kacici-kacici. Ba shi da baki, ba shi da maƙogwaro, amma bai san shiru ba. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, an kuma ɗaure shi tamau a kan turke, duk da haka jikinsa ɓari yake yi dare da rana. A ɗora masa kaya, ya yi gurnani. A sauke masa kaya, ya yi gurnani, wani lokaci ma fiye da na ɗazu. Mene ne?

Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a Dogo, a kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya, ya tsaya cinikin rake a gindin turken lantarki, ba zai sha wuya ba. Zai ɗaga kai ya nuna akwatin ƙarfen nan mai ruwan toka, mai haƙarƙari a gefe da ƙahonin tangaram a ka, ya ce taransifoma ce. Ya ci rabi, rabi mai sauƙi. Ni sauran rabin nake bi. Na yarda daga akwatin kukan ke fitowa. Amma wane ne a cikin akwatin?

Da rana ba a cika jin sa ba, don ƴan kabu-kabu da injin niƙa da lasifikar masu tallar magani sun cika gari. Sai bayan sallar isha'i, in ƙafa ta ɗauke, muryar ke fitowa fili. Murya ɗaya ce mai kauri, ba ta hawa, ba ta sauka, ba ta tsayawa jan numfashi. Ka je Mirya, ita za ka ji. Ka shiga Birni ko Zango a cikin Damagaram, ita ce dai. Ka tsallaka Katsina ko Kano, ba ta sake ba. Riƙe wannan a hannu, zai yi mana rana nan gaba. Kafin mu fara kuma, ga sharaɗi: wannan bincike da kunne ake yin sa, daga ƙasa, daga nesa. Mai hawa turke don ya gane wa idonsa ba ya dawowa ya ba da labari.

Waɗanda aka fara kamawa ƙudan zuma ne. Yara ne suka kawo ƙararsu, kuma ba su yi wauta ba, don wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin amya ya san irin wannan amo. Sai dai akwatin a rufe yake ruf, cike da mai har wuya, ko sauro ba shi da ƙofar shiga. Wata tsohuwa kuwa rage murya ta yi ta ce mini, "Ɗana, ba kowane abu ake tambaya ba. Mutanen ɓoye ba sa son a tona su." Na ce, "To, Iya, na ji." Ban ja da ita ba. Tambaya ɗaya kawai ta tsaya mini a rai: wane irin mazaunin akwati ne yake yin tsit a daidai ƙiftawar da aka ɗauke wuta, ya kuma dawo a daidai ƙiftawar da aka maido ta?

Shaida ta farko ke nan. Ko wane ne mai kukan, wuta ce ke ba shi umarni.

Mai shayi bai ga abin wahala ba. "Haba Malam, inji ne fa. Wane inji ka taɓa gani bebe? Ga na niƙa can, ga janareta." Magana ce mai shiga kai, sai ka leƙa cikin taransifomar da aka kwance a wurin masu gyara. Abu uku za ka tarar. Akwai zuciya ta ƙarfe, wadda ba dunƙule ba ce, falle-falle ne sirara, kaurin kowanne tsakanin milimita 0.23 da 0.35, an jera ɗaruruwansu an matse. Akwai naɗin waya na jan ƙarfe ko alminiyam da aka nannaɗe a ƙafafun zuciyar, wani mai zagaye da yawa, wani mai kaɗan. Sai mai, wanda ke sanyaya su yana kuma hana wuta tsallakawa. Wutar layi mai dubban volt ta shiga naɗin farko ta mai da zuciyar maganaɗisu, maganaɗisun da ke ta canzawa ya haifar da wata wutar a naɗi na biyu, mai volt 220 ko kusa da haka, wadda ke shiga gidaje. Michael Faraday ya gano wannan a Landan a 1831 da zoben ƙarfe da waya biyu, injiniyoyin kamfanin Ganz na Budapest suka mai da shi kayan aiki a 1885. Ba fistan, ba bel, ba farfela. Manya na tashoshi suna da fanka, gaskiya ne, amma ko an kashe fankar gurnanin yana nan. An sallami inji.

Daga nan sai maƙeri ya karɓi magana, shi kuwa ba a yi masa gaggawa. A ƙasar da maƙera suka zuba wa Sarki Tanimu na Damagaram igogi, a sarautarsa ta 1851 zuwa 1884, wanda ya gaji uwar maƙera da zuga-zugi ya san halin ƙarfe fiye da mai karatun littafi. Ya ce, "Ƙanena, ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke. Zoben da muke sa wa ƙota, da zafinsa muke zura shi, in ya yi sanyi ya kama gam. Wannan akwati yini yake a rana, ga zafin wuta a ciki. Ƙarfen ne ke motsi."

Mu auna maganarsa. A raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ake kira mikron, kuma silin gashin kai ɗaya yana kai mikron 70 ko wajen haka. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan mikron 12 a duk digiri ɗaya na zafi. Tsakanin sanyin asuba da azahar ɗin watan Afrilu, in zafi ya hau da digiri 20, ƙarfen ya ƙaru da mikron 240, kusan rubu'in milimita. Motsi ne na gaske. Sai dai motsi ne na awa shida ko bakwai, kunne kuwa ba ya jin abin da ke tafiyar hawainiya. Ga kuma shaidarmu ta farko: a ɗauke wuta da tsakar rana, akwatin yana nan da zafinsa, taɓa shi ma sai ka ƙone, amma shiru kake ji. Zafi ya kuɓuta. Shi dai maƙerin ya kama gefen rigar mai laifi bai sani ba.

Wanda gari ya fi zargi shi ne kaya. "An yi mata yawa," haka kowa ke cewa. Ga masu walda, ga firij ɗin masu ƙanƙara, ga rumfunan cajin waya, ga fanka a kowane ɗaki. A nan akwai ƙamshin gaskiya. Wayoyi biyu da wuta ke bi suna jan juna ko tura juna, kuma in wutar ta ninka biyu, ƙarfin turin ninkawa huɗu yake yi. A manyan taransifomomi masu cikakken kaya, naɗin waya yana da nasa kukan da ake iya aunawa. To amma je ka gindin turken da ƙarfe biyun dare, cikin hunturu. Mai walda ya yi barci. Injin niƙa ya yi sanyi. Ba mai kunna fanka. Kusan babu abin da ake ja, gurnanin kuwa sai abin da ya ƙaru. A masana'anta ma, in za a auna ƙarar sabuwar taransifoma, ana ba ta wuta ne ba tare da an haɗa mata ko ƙwan fitila ɗaya ba, kuma tana yi. Shi kuma "tsss" ɗin da ake ji a kan tangaram in damina ta sauka, wuta ce ke tsaga iska mai laima, murya ce dabam, siririya, ba tamu ba.

Kusoshi fa? Noti in ya saki, murfi ko haƙarƙari ya riƙa kaɗawa yana kwaram-kwaram. A ɗaure shi, kaɗawar ta tafi. Gurnanin ya zauna.

Mu ƙirga. Zuma sun fita. Inji babu shi. Zafi yana da shaida. Kaya sun yi barci. Noti ɗan rakiya ne. Mai ba ya kuka da kansa. Saura wa?

Kafin a nuna shi da yatsa, akwai sawu ɗaya da ya bari. Wutar da NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ke rabawa, kamar ta Najeriya, ba hanya ɗaya take bi ba. Tana zuwa ta koma, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Injinan tashoshi ne ke yanke wannan adadi da saurin juyawarsu, irin na madatsar Kainji da aka gama a 1968, kuma duk lokacin da layin volt 132,000 da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram yake haɗe, duk abin da ke rataye a jikinsa bugu ɗaya yake bi. Abin da ya sa ka ji murya guda daga gari zuwa gari ke nan. Hankali zai ce to ai kukan ma 50 ne. Ɗauki wayarka, sa manhajar da ke rarrabe sauti, ka tsaya nesa da turken ka duba. Babu tsini a kan 50. Tsinin yana kan 100. Sai ƙannensa a 200, 300, 400. A Amurka, inda wutarsu ke yin 60, taransifoma 120 take rerawa.

Ninki biyu. Kullum ninki biyu. Mai laifin nan yana aikata abu sau ɗaya in wuta ta tafi, ya sake aikata shi in ta dawo. Bai damu da gabas ko yamma ba. Wane ne haka?

An ji muryarsa tun kafin a san shi. A 1837 wani likita a Amurka, Charles Page, ya lura cewa maganaɗisu yana yin ƙara a duk lokacin da aka haɗa ko aka yanke wutar da ke bin naɗin waya kusa da shi. Shekara biyar bayan haka, a 1842, wani matashi daga Salford kusa da Manchester a Ingila, James Joule, ya zura sandar ƙarfe cikin naɗin waya, ya kafe kanta ɗaya, ya jingina ɗayan da na'urar da ke ninka ɗan motsi har ido ya gani. Ya ba da wuta. Allura ta gusa. Ya yanke. Ta koma baya. Ba wuta a maƙera, ba guduma.

Sandar ta yi tsawo.

Ga shi nan. Ƙarfen da kansa ne. Zuciyar taransifoma, wadda aka matse aka ɗaure aka nutsar cikin mai don kada ta motsa, ita ce ke canza tsawo duk lokacin da maganaɗisu ya cika ta, ta koma yadda take in ya janye. Miƙar maganaɗisu ke nan. Maƙeri ya yi daidai da ya ce ƙarfe ke motsi, sai dai ba zafi ke motsa shi ba.

Girman motsin shi ne abin dariya. A ƙarfen taransifoma mai kyau, mita ɗaya tana canzawa da mikron ɗaya ne, ko biyu, ko ƴan kaɗan. Ka tuna rana kaɗai ta ba shi 240 ba wanda ya ji. Amma na rana sau ɗaya ne a yini. Wannan sau 100 ne a daƙiƙa, sau 6,000 a minti, sau 8,640,000 daga asuba zuwa asuba. Ɓarin yana bi ta ƙafafun da aka ɗaure zuciyar da su, yana kuma bi ta cikin mai, wanda ba ya matsuwa, ya isa bangon akwati. Bangon siriri ne mai faɗi, ga haƙarƙari sun ƙara masa fili, sai ya riƙa tura iska yana janyewa. Iskar ta iso dodon kunnenka. Abin da ko madubin likita sai da ƙyar zai nuna maka, shi ke hana maƙwabcin turke barci.

Sai dai mai bincike ba ya tsayawa a kan wa ya yi, sai ya ji ta yaya. Me ya haɗa maganaɗisu da tsawo?

Pierre Weiss na Faransa ya kawo amsar a 1907. Ya ce ƙarfe, ko wanda ba ya jan allura, cike yake da ƙananan yankuna, kowane yanki maganaɗisu ne cikakke, sai dai suna fuskantar wurare dabam-dabam har ƙarfinsu ya kashe juna. A 1919 Heinrich Barkhausen na Jamus ya haɗa naɗin waya da na'urar ƙara sauti, ya matso da maganaɗisu kusa da ƙarfe a hankali, ya ji ƙas-ƙas-ƙas: iyakokin yankunan ne ke tsalle. Abin da ya shafe mu shi ne, kowane yanki ya ɗan fi tsawo ta wajen da maganaɗisunsa ya fuskanta, da kamar kashi 20 cikin miliyan.

Ɗebo gyaɗa mai ɓawo ka jera ta a layi a kan tabarma, kowace tana taɓa ta kusa da ita. Wasu ka kwantar da su bisa tsawon layin, wasu ka gitta su. Yanzu juya gitattun su bi layi. Layin ya ƙara tsawo, ba ka ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Sake ɗaukar wadda ke kwance bisa tsawo ka juya ta, kai ya koma gindi, gindi ya koma kai. Tsawon layin bai canza ba ko kaɗan. A cikin wannan tabarma amsoshi biyu suke. Ta farko, dalilin 100: tsawo bai san kai da gindi ba, don haka ko maganaɗisu ya cika ta nan ko ya cika ta can, canjin iri ɗaya ne, sau biyu a kowane zagaye. Ta biyu ta fi daɗi. Yankunan da ke juyawa kai da gindi ba su da laifi. Masu laifin su ne gitattu.

Shekara ɗari da ɗoriya ke nan masu narka ƙarfe suna farautar gitattun nan, ko da yake asarar wuta ce ta fara tura su, ba ƙara ba. Wajen 1900 Robert Hadfield na Sheffield da abokan aikinsa suka nuna cewa zuba sinadarin silikon, wanda ake samu daga yashi, yana rage wutar da ƙarfe ke ci a banza. Yau kusan kashi 3 cikin 100 ake sawa. A 1934 Norman Goss na Amurka ya yi rajistar hanyar murza falle da gasa shi yadda ƙwayoyin ƙarfen za su jeru ta fuska ɗaya, fuskar da maganaɗisu ya fi son bi. A 1968 masu narka ƙarfe na Japan suka ƙara gyara jerin. Sannan ana shafe kowane falle da wani siririn rufi mai kama da gilashi, wanda ke raba shi da ɗan'uwansa yana kuma riƙe shi a ɗame, don ƙarfen da aka ja a ɗame ba ya barin gitattun yankuna su yi yawa. Da jerin ya cika ɗari bisa ɗari, da zuciyar ta kusa zama bebiya. Bai taɓa cika ba. Kowace ƙwaya tana ɗan karkacewa, a nan ne ƙananan gitattun yankuna ke tsirowa su ɓace, su tsiro su ɓace, falle ya ɗan miƙe a wani mataki, ya ɗan tsuke a wani. Da yake canjin ba sumul yake tafiya ba, shi ya haifi ƙannen nan na 200 da 300 da 400, su kuwa kunne ya fi kama su fiye da uwarsu.

Adalci ya sa a ambaci abokin tafiyarsa. A kusurwoyin zuciyar, inda falle ke haɗuwa da falle, maganaɗisu yana tsallaka ƴar tazara, bakunan fallayen su riƙa jan juna, su ma sau 100. Shi ya sa masana'antu ke jera mahaɗar hawa-hawa maimakon a yanke ta wuri ɗaya. A wata taransifomar rabon wannan aboki ba kaɗan ba ne.

A nan ne shawarar da kowa ke bayarwa, wai a ƙara ɗaurewa, take iya juyewa. Ja yana kwantar da yankunan, matsi bisa tsawon falle kuwa gitta su yake yi. Emilio Villari na Italiya ya nuna tun 1865 cewa abin hanya biyu ne: maganaɗisu yana canza tsawo, danniya kuma tana canza maganaɗisu. Zuciyar da aka matse ba daidai ba har fallayen suka lanƙwashe, ko wadda ta sha jifa wajen saukewa daga mota, ko wadda mai gyara ya kwance ya daddaka da guduma ya mayar, za ta fi da kuka kuma za ta fi cin wuta, ko da kowane noti ya ɗauru tamau. Ni a ganina wannan ne ya fi cancantar a koya wa yaran da ke koyon naɗi, kafin ma a koya musu ƙirga zagaye.

Saura tambayar dare. Me ya sa mai kuka ya fi kuka in an sauke masa kaya?

Rabi dai shirun gari ne. Ɗaya rabin yana cikin layi. Yawan maganaɗisun da ke cikin zuciyar ba ruwansa da yawan masu jan wuta. Volt ɗin da aka ba ta yake bi. Da magariba, kowa na ja, volt yana zubewa a kan doguwar hanya kafin ya iso, shi ya sa fitila ke yin ja. Da tsakar dare masu ja sun ragu, volt ya cika, a dogon layi ma har ya kan wuce ƙa'ida. Masu ƙira kuwa, don tsimin ƙarfe, sukan sa zuciyar ta yi aiki a wajen tesla 1.7 a ma'aunin maganaɗisu, alhali a wajen tesla 2 ƙarfen ke ƙoshi, ya ƙi karɓar ƙari. Tazarar kaɗan ce. Volt ya hau da ƴan kaso cikin ɗari, zuciyar ta matso bakin ƙoshi, sai gurnani ya yi kauri ya yi kaushi fiye da yadda lissafi zai sa ka zata. Haka nan in injinan tashoshi suka gaji, bugun ya sauka daga 50 zuwa 49, muryar za ta sauka zuwa 98, maganaɗisun kuma ya ɗan ƙaru. Mai kunne yana iya jin halin da layi ke ciki daga kan tabarmarsa.

Kuma ka lura da lokacin da aka maido wuta, kafin yara su gama ihu. Sau da yawa taransifoma takan yi wani ruri mai ƙarfi na ƴan daƙiƙu, sannan ta lafa. Lokacin da aka yanke wuta, zuciyar ta riƙe sauran maganaɗisu ta fuska ɗaya. In sabuwar wutar ta shigo ta wannan fuskar, ta hau kan saura, ƙarfen ya ƙoshi a gefe guda, ya zuƙi wuta ninkin ba ninkin, har sai zagaye bayan zagaye ya daidaita shi. Irin wannan ƙoshin gefe guda, in ya daɗe, kashe taransifoma yake yi. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwar da ta taso daga rana ta girgiza maganaɗisun duniya, ta tura wuta mai bin hanya ɗaya cikin dogayen layuka. Lardin Kebek na Kanada ya yi awa 9 cikin duhu, wata babbar taransifoma kuma ta lalace a tashar Salem ta jihar New Jersey. Ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu abin ya fi samu, Dogo tana nesa da su.

To, ba za a iya rufe masa baki gaba ɗaya ba? Ana iyawa, kuɗi ne. In silikon ya kai kashi 6.5 cikin 100, miƙar takan kusa ɓacewa. Amma ƙarfen sai ya zama mai gautsi, yana tsagewa a injin murzawa. A Japan an samo dabarar cusa silikon ta tururi bayan an gama murza falle, kamfanin JFE Steel yana sayar da irinsa, sai dai tsadarsa ta tsare shi a ƙananan na'urori. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara wa zuciyar kauri don ta yi aiki nesa da ƙoshi, wato ƙarin ƙarfe, ƙarin waya, ƙarin mai, ƙarin nauyi a kan turke.

Akwai kuma wani ƙarfe da ya zo da nasa barkwancin. Ana zuba shi a narke kan dabaran da ke gudu, ya daskare da saurin digiri miliyan a daƙiƙa, ƙwayoyi ba su samu damar jeruwa ba, ya fito kamar zirin takarda mai kaurin milimita 0.025. Zuciyar da aka yi da shi tana rage asarar zaman banza da wajen kashi biyu cikin uku, Indiya da Sin sun rataya da yawa a turakunsu. Amma miƙarsa ta fi ta ƙarfen Goss nesa ba kusa ba, ga shi ba ya son matsi, don haka ya fi surutu. Mai ƙarancin ci, mai yawan magana.

Da za a tambaye ni, shi zan zaɓa wa ƙauyukanmu. Sautin kansa ba wata wuta yake ci ba, amma kai-komon yankunan nan yana ɗumama ƙarfe awa 24, ko ana ja ko ba a ja, taransifomar ƙauye kuwa ta fi daɗewa a zaune fiye da a bakin aiki. Ƙasar da kafin 2023 take sayo wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga maƙwabciyarta Najeriya, ta kuma ɗanɗana yankewar layin tun daga Agustan 2023 har bayan ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024, ba ta da wutar da za ta ba ƙarfe ya ɗumama kansa da ita. Surutun kuwa da wurin kafawa ake maganinsa. Igiyar sauti mai bugu 100 tana da tsawon kusan mita uku da rabi, gajeriyar katanga ba ta tare ta, zagaye ta take yi, a cikin ɗaki kuma takan taru a wata kusurwa ta ɓace a wata, har mai gida ya rantse ƙarar daga bayan randa take fitowa. Kada a kafa turken a lungun da katanga biyu suka haɗu, kada a manna shi da bangon ɗakin kwana, a sa roba tsakanin akwati da abin da ya zauna a kai.

Gurnani mai murya ɗaya, ba hawa ba sauka, alamar lafiya ce, a bar shi. Wanda ake kai rahotonsa ofishin wuta shi ne in muryar ta sake: ƙas-ƙas kamar ana karya kara a cikin akwati, ko ɓul-ɓul na tafasa, ko ƙauri, ko mai yana tsiyaya a jikin turke. Waɗannan ba aikin ƙarfe ba ne, rufin waya ne ke cinyewa, kuma wanda ya ji su ya fara janye yara da masu talla daga gindin turken kafin ya nemi lambar kowa.